Damina a filin tsoffin ƙarafa

Shekara tara ke nan ina aiki a masana'antar da ake narka tsoffin ƙarafa a mayar da su rodi. Ni a fili nake, inda tireloli ke juye kayan da 'yan gwangwan suka tara, kafin maganaɗisu ya kwashe su zuwa tukunya. Duk wanda ya ji inda nake aiki sai ya ce, "Kai, Allah ya tsare ku da wuta." Nakan ce amin. Amma ni da na ga hadari ya haɗo gabana yake faɗuwa.

Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, mu kuma mukan kai shi kusan 1,600 kafin a tsiyaye. Ruwa in ya sami kansa ƙarƙashin narkakken ƙarfe irin wannan, nan take yake zama tururi, tururin kuwa yana neman wuri kusan ninki 1,700 na ruwan. Ba shi da mafita, sai ya yi sama da duk abin da ya danne shi. Ko a Birtaniya, da duk kayan aikinsu, ruwa ne ya shiga tanderun masana'antar ƙarfe ta garin Fot Talbot a Nuwamba 2001, mutum uku suka rasu.

Namu ya faru ne a watan Agusta, shekara uku da suka wuce. An kwana ana ruwa, an yi mana baya a aiki, oga yana ta aiko a yi sauri. Cikin kayan akwai wani guntun bututu, bai fi kamu biyu ba, laka ta toshe bakinsa duka biyun. Na gan shi. Wallahi na gan shi, na ce a raina ai ɗan ƙarami ne, na wuce. Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙara kamar an fasa dutse, rufin kwano yana ta ƙas-ƙas da tartsatsi.

Yaron da ke bakin tukunya yana tura kaya da sanda ya cire rigarsa mai kauri saboda zafi, sai rigar ƙwallo a jikinsa. Auduga in ta kama tana ci ne ta zube. Wannan ta roba ce, sai ta narke ta manne masa a kafaɗa da baya. Ya yi wata uku a asibiti. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai. Leburan wuni ne, sunansa ba ya cikin waɗanda aka yi wa rajista a asusun diyyar ma'aikata da dokar 2010 ta tanada, don haka karo-karo muka yi masa. Da na je duba shi, ce min ya yi, "Yaya, ƙaddara ce." Na kasa haɗa ido da shi.

Tun daga nan na daina yarda da girman abu. Duk abin da yake rufe ta ko'ina, gefe yake zuwa: tukunyar gas, shokozoba, kwamfireson firiji, bututu, tankin babur. Sai an yanka an ga cikinsa. Mun matsa aka gina rumfa, jiƙaƙƙen kaya yana kwana biyu a ciki. Rigar roba kuwa ba ta wuce ƙofa, ko ta ciki ce. Mai gyaran inji yana kashe wuta ya sa kwaɗonsa, makullin yana aljihunsa har ya fito.

Akwai wani benci da muke hutawa a kai, daidai hanyar da ƙugiya ke bi da bokitin narkakken ƙarfe, don wurin yana da iska. Sai da na ba oga labarin Tiyelin ta ƙasar Sin, inda a Afrilu 2007 bokiti mai kusan tan 30 ya suɓuce, ƙarfen ya malala ɗakin da ma'aikata suka taru lokacin canjin aiki, mutum 32 suka mutu. Ranar aka ɗauke bencin, aka ja jan layi a ƙasa.

Inda nake shan wahala shi ne da masu kawo kaya. Kilo suke sayarwa, laka da ruwa kuma suna ƙara nauyi a sikeli, wani ma bai san abin da ke cikin lodinsa ba, yara ne suka tsinto a bola. Wani dattijo da muka daɗe tare ya taɓa fushi da na ware masa rabin mota. Na ce, "Baba, zo ka gani." Na sa aka yanka wata tukunyar gas a cikin kayansa da almakashin inji, daga nesa, baƙin ruwa ya tsiyayo ya cika daro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaron nan, ya jikinsa?" Yanzu shi yake ware rufaffun a buhu daban tun daga gida.

Jiya ma an yi ruwa har asuba, ga tirela biyu a bakin ƙofa tun safe, direbobin suna ta yi min hon. Na aika musu da shayi, na ce sai jibi.