Wasiƙa daga Marseille, garin da kuke ji mini tsoro

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Muna lafiya ni da iyali, da fatan ku ma haka. Ku gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, maganar da ke bakina ce ke da tsawo.

Duk ranar da aka ce an yi harbi a Marseille, wayata ba ta hutawa. Wannan ya turo hoton labari, waccan ta turo saƙon murya tana salati, Baffa kuma ya kira da kansa ya ce, "Kai, har yanzu kana garin nan? Me ya hana ka komawa Paris?" Shekarata bakwai a nan, kuma shekara bakwai ke nan ina amsa tambaya ɗaya ga mutane daban-daban. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Zan faɗi gaskiyar abin da ake faɗa a kan garin, da abin da ya riƙe ni a cikinsa, sannan in taɓo batun aiki da makarantar yara da wasunku suka tambaya.

Baƙin sunan garin nan ba ƙage ba ne. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 a kewayen Marseille ake sarrafa heroin ana loda wa jiragen ruwa zuwa Amurka, tun daga lokacin sunan ya manne. A 2023 kusan mutum 50 aka kashe a faɗan dillalan ƙwaya, akasarinsu matasa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Akwai budurwar da harsashi ya iske a cikin ɗakinta. Na yi kwanaki abin yana raina. Don haka duk wanda ya ce muku ƙarya ce ta 'yan jarida, bai faɗa muku daidai ba.

Sai dai abin da labarin minti ɗaya ba ya iya ɗauka shi ne girman wurin. Marseille ce birni na biyu a Faransa, mutum kusan 870,000, an raba ta gunduma 16, ta miƙe tsakanin duwatsu da teku. Faɗan nan yana da wuraren da yake aukuwa, galibi a bakin wasu rukunin dogayen gidaje inda ake cinikin ƙwaya, da yawansu a arewacin gari, kuma tsakanin mutanen da suka san juna ne a kan wa zai riƙe wane lungu. Su kansu waɗannan unguwannin, mafi yawan mazaunansu direbobin bas ne, masu shara, masu kula da tsofaffi, uwaye da ke fita tun asuba. A ɗaya daga cikinsu, La Castellane, Zinedine Zidane ya taso. Su ne suka fi kowa shan wahalar abin, su ne kuma ake yi wa kuɗin goro da shi. A shekara bakwai, da idona ban taɓa ganin an ɗaga bindiga ba. An taɓa zare mini waya daga aljihu a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wannan kam ya faru, kuma tun ranar nake sa ta a aljihun gaba.

To me ya riƙe ni? Abu na farko, a garin nan ba a yi mini kallon baƙo. Kafin in zo na yi shekara guda a wani gari mai tsabta da kyakkyawan suna, inda furanni ke jere a bakin titi. Na zauna wata goma sha biyu a bene ɗaya ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba. A nan, a makona na farko, tsohuwar da ke hawa na biyu ta tsare ni a matakala ta tambaye ni sunana da aikina da ko ina da iyali, ta gaya mini ranar da ake fitar da manyan tarkace, ta kuma ja mini kunne a kan barin ƙofar waje a buɗe. Iyayenta daga Armeniya suka zo a jirgin ruwa bayan kisan da aka yi wa mutanensu a 1915. Maƙwabcina na sama ɗan tsibirin Komoros ne, na ƙasa kakansa daga Italiya ya zo. Garin ma baƙi ne suka kafa shi, Girkawa matuƙan jirgin ruwa, shekara kusan 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun daga nan kowane ƙarni da nasa jirgin: Italiyawa, Armeniyawa, mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko, 'yan Senegal, 'yan Komoros. Inda kakan kowa da akwati ya sauka, da wuya wani ya ɗaga maka hanci a kan naka akwatin. Ban ce babu wariya ba, akwai, kuma na gamu da ita wajen neman gida. Amma a kan titi, a kasuwar Noailles, a cikin bas, ba ka jin kai kaɗai ne irinka.

Abu na biyu, baƙin sunan nan shi ya rage kuɗin haya. Abin da nake biya wa ɗaki biyu da falo, a Paris da ƙyar ya kama mini ɗaki ɗaya. Masu hali sun daɗe suna gudun garin, gudun nasu ya bar wa irinmu wuri. Yanzu da jirgin ƙasa mai sauri ke kawo mutum daga Paris cikin awa uku da 'yan mintoci, sun fara dawowa, haya kuma ta fara tashi, musamman kusa da teku.

Amma a nan ne zan yi kashedi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi ba ni tsoro a Marseille tsofaffin gine-gine ne. Ranar 5 ga Nuwamba 2018 gidaje biyu suka rufta a titin Aubagne, a tsakiyar gari, mutum 8 suka rasu. Bayan nan aka kwashe dubban mutane daga gidajen da aka gano suna da haɗari. Duk ɗan uwan da zai kama haya a nan, kafin ya tambayi sunan unguwa ya ɗaga kai ya dubi bango. Ya ga ko akwai tsagewa a jikin matakala, ko ƙofa tana rufuwa daidai, ko rufi yana da tabon ruwa. Araha ta kan rufe ido, musamman ga wanda ya gaji da kwana a falon wani.

Tunda na kawo maganar haya, bari in faɗi abin da ya fi komai cin raina a ƙasar nan, wato takardu. Wallahi 'yan uwa, da za ku kira ni ku yi mini jaje a kan takardu maimakon harbi, da na ce kun san halin da nake ciki. Kafin mai gida ya ba ka makulli, zai nemi takardun albashinka na wata uku, da kwantiragin aikinka, da takardar haraji, da shaidar cewa ka biya hayar gidan da ka baro. Yawancinsu suna son albashinka ya ninka kuɗin hayar sau uku. Bayan duk wannan sai a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, shi ma da nasa tulin takardun. Sabon zuwa ina zai samo wannan? Banki na son adireshi kafin ya buɗe maka asusu, mai gida na son takardar albashi kafin ya ba ka adireshi, mai aiki na son asusun banki da izinin zama kafin ya biya ka. Kowa na jiran ɗan uwansa ya fara.

Sabunta izinin zama kuwa wani babi ne daban. Yanzu kusan komai ta intanet ake yi, kuma samun ranar ganawa shi ne jidalin. Na yi makonni ina tashi tsakar dare ina latsa kwamfuta ko Allah zai sa a saki gurbi. Da na samu, na je da jakata cike, sai aka ce takardar shaidar adireshina ta tsufa, in kawo sabuwa. Na kawo sabuwa, kafin nan hoton da na bayar ya wuce wa'adinsa. Takardar haihuwa dole sai mai fassarar da kotu ta amince da shi ya juya ta zuwa Faransanci, ba kowane mai jin yaren ba. Ana cikin haka tsohon katina ya ƙare, aka ba ni takardar wucin gadi ta 'yan watanni, ita ma ta kusa ƙarewa kafin katin ya fito, ni kuma kullum ina tunanin me zan gaya wa mai aikina. Watannin nan sun fi kowane labarin harbi hana ni barci. Shawarata ga mai shirin zuwa: ka sayi jaka ta musamman, kada ka yar da ko da takarda ɗaya mai hatimi, ka yi wa kowace kwafi biyu, ka fara neman sabuntawa tun da sauran watanni. Kuma kada ka ba kowa kuɗi don ya sayar maka da ranar ganawa.

Ko a wannan ma garin ne ya cece ni. A unguwanni da yawa akwai ƙungiyoyin sa-kai da masu rubuta wa jama'a takarda kyauta. Wata dattijuwa da ta yi ritaya ce ta zauna da ni yamma biyu tana gyara mini wasiƙa, ba ta karɓi ko sisi ba. Maƙwabcina ɗan Komoros shi ya tsaya mini a haya ta biyu, alhali sanin watanni ne kawai tsakaninmu. Inda mutane suka saba da cewa hukuma na jinkiri, sun koyi riƙe juna, kuma wannan ban same shi a garin furanni ba.

Sanyi kuma, kada hotunan rana su ruɗe ku. Gaskiya ne Marseille na cikin garuruwan da suka fi samun rana a Faransa, dusar ƙanƙara sai a yi shekaru ba a gan ta ba. Amma akwai iskar da suke kira Mistral, mai gangarowa daga arewa ta kwarin kogin Rhône. Takan yi kwana uku ko fiye ba ta tsaya ba, wani lokaci gudunta ya wuce kilomita 100 a awa. Ka leƙa ta taga ka ga sama tas, rana tarwai, ka fita da riga ɗaya, kafin ka kai bakin titi kunnuwanka sun daina ji. Tana kwashe shanya daga baranda, tana kifar da kwandon shara, tana hana jiragen ruwa fita. Rigar da ke tare iska ta fi rigar ulu amfani a nan. Ladanta ɗaya: idan ta wuce, sararin sama yakan wanku har ka hangi tsibiran Frioul kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Tekun nan kuwa na kowa ne, kuma shi ne abin da ba na jin zan iya rabuwa da shi. Da safe masunta na sayar da kifin da suka kamo a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, a tsakiyar gari. Da tikitin bas na yau da kullum za ka kai bakin gandun Calanques, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2012, ka taka da ƙafa tsakanin fararen duwatsu har ka sauka ga ruwa mai shuɗi da kake ganin ƙasansa. Da rani akan taƙaita shiga saboda gudun gobara, sai ka duba kafin ka fita. Ranar Lahadi nakan hau da yara tudun da cocin Notre-Dame de la Garde take, inda za ka tarar da Kirista da Musulmi da wanda ba ruwansa da addini duk sun jingina da katanga ɗaya suna kallon gari. Ba a biyan komai. Talaka a nan yana da wurin hutawa da mai kuɗi ba zai iya killacewa ba.

Masu son ƙwallo ba sai na gaya muku ba. Ranar 26 ga Mayu 1993 a Munich, Abedi Pele ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai, Marseille ta ci AC Milan ɗaya da nema ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai. Har gobe ana maganar kamar jiya aka yi. Pape Diouf, ɗan asalin Senegal, ya shugabanci ƙungiyar daga 2005 zuwa 2009. Ranar wasa a filin Vélodrome, mutum sama da 60,000, likita da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar wani daga wace unguwa ya fito.

Akwai abubuwan da ke ɓata rai, ban manta ba. Idan masu kwasar shara suka shiga yajin aiki, bola takan taru a titi har kwanaki. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu ne kacal ga gari mai wannan girma, mutanen arewacin gari kuma su ne suka fi wahalar zirga-zirga, abin da ke ƙara nesanta matasansu da wuraren aiki. Wannan yana cikin abin da ke ciyar da matsalar da kuke ji a labarai, kuma yana damuna a matsayina na uba.

Batun aiki, akwai shi a tashar jiragen ruwa, da gine-gine, da asibitoci, da kula da tsofaffi, amma ba ya kai na Paris yawa, kuma ba tare da Faransanci ba abin da wuya. Makarantar yara kuwa adireshinka ne ke zaɓa maka ita, don haka a tambaya kafin a sa hannu a takardar haya. Sauran bayanin sai a wata wasiƙar, don dare ya yi kuma da sassafe zan fita.

Baffa, idan ka sake jin an yi harbi, ka kira ni kamar yadda ka saba, ina jin daɗin jin muryarka. A gaida su Inna da yara duka.

Naku,
ɗanku a Marseille