Asabar, a kasuwar tsofaffin bindigogi

Yau bindigogi uku aka ajiye a teburinmu a kasuwar tsofaffin makamai nan Amurka, kuma a kan katakon jikinsu aka yi duk cinikin.

Da hantsi aka kawo Lee-Enfield No. 4, bindigar sojan Birtaniya mai harsashi .303, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama. Ƙarfenta lafiya lau. Amma an sa zarto an datse katakon gaba, an jefar da na saman bututun da zobban da ke ɗaure su, don ta yi sauƙin ɗauka wurin farauta. Haka aka yi wa dubbai a shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake sayar da rarar kayan soja da araha. Irin wannan da wuya ta kai rabin kuɗin wadda ba a taɓa ba. Ana iya sayo wani katakon a mayar mata, sai dai launi ba zai zo ɗaya ba, kuma mai saye da ya san abin zai kira ta haɗe-haɗe.

Ta biyu ta fi ban takaici. Mauser K98k ce ta Jamus, ba a yanke komai ba, amma an goge ƙotar, wato katakon jikinta, da samfefa an shafa mata banish har tana ƙyalli. Hatimin gaggafa na masu duba makamai, wanda ake bugawa a gefen ƙota, ya tafi. Gane gugar ba wuya: gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama mulmulallu, farantin ƙarfen gindi ya fi katakon faɗi, alhali daga masana'anta katako ne ke ɗan ɗara ƙarfe. Muka kwance ta, lambar da ke cikin kwarin katakon da bututu ke kwanciya ta dace da ta ƙarfen. Wato ƙotarta ce ta asali aka lalata! Tabo da baƙin man hannu su ake biyan kuɗi a kansu. Da ƙyalle aka sa da ɗan man linsid da ake shafa wa katako, an wuce wurin.

Wani abin mamaki, yankan da sojojin Amurka suka riƙa yi wa irin wannan ƙota a ƙarƙashin zoben baya a 1945, don bindigar ta shiga jakar kaya su kawo ta gida, bai cika karya farashi sosai ba, musamman idan akwai takardar izinin shigowa da ita.

Ta la'asar SMLE ce ta 1917, wato tsohon samfurin Lee-Enfield, katakon gabanta a tsage ta baya. Mai ita ya juya dogon notin ƙota kafin ya cire katakon gaba. Ƙarshen notin nan na gaba mai kusurwa huɗu ne, yana zaune cikin wani ɗan ƙarfe a katakon gaba, da an murɗa sai ya buɗe itacen. Katakon gaba ake fara cirewa. An ba shi shawarar ya sa gam ya matse, ya kuma faɗa wa mai saye, kada ya canza katakon.