Ranar da ni da Baffa muka dafa tama a Mai Wurno

Gidanmu gidan ƙira ne a Mai Wurno, kudu da Sinnar. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 sun iso Sudan da masaba da awartaki, amma dafa tama ba ta iso tare da su ba. Na buɗe ido na ga Baffa yana ƙera fartanya da lauje da tsofaffin ƙarafan mota.

Ina ɗalibin ilimin duwatsu aka kai mu Bajarawiya, tsohon birnin Meroe na masarautar Kush. Kowa dala yake kallo, ni kuwa tudun kashin maƙera ne ya tsayar da ni, baƙi ƙirin, har layin dogo ya ratsa ta cikin wani. Mutanen nan sun shafe fiye da shekara 1,000 suna dafa tama da gawayi. Na ce sai na gwada.

Ban taɓa komai a wurin tarihin ba. Can nesa, a gindin wasu tsaunuka, na cika buhu biyu da duwatsu masu baƙin ɓawo. Muka gina murhun laka mai kai wa ƙugu, muka yini ana zuga ana zuba gawayi. Da muka fasa, kashi zalla.

Baffa ya ɗauki ragowar dutsen ya jinjina a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wannan ai yashi ne ya shafa tozali."

Gaskiyarsa. Launi ya ruɗe ni, alhali lissafin yana cikin littafina. A cikin ire-iren tama, tsantsar hematait kusan kashi 70 cikin 100 ƙarfe ne, magnatait 72, amma dutse ba ya zuwa tsantsa. Irin murhunmu zafinsa wajen digiri 1,200 ne, ƙarfe kuwa sai 1,538 yake narkewa. Don haka ƙarfen ba ruwa yake zama ba, curewa yake yi, yashin ne ke narkewa ya tsiyaye. Shi kuma yashin ba ya narkewa shi kaɗai, sai ya haɗiye wani ƙarfen ya tafi da shi. Dutse mai yashi da yawa, ɗan ƙarfensa duk a nan yake ƙarewa. Abin da ya sa kashin tsofaffin maƙera yake da nauyi ke nan.

Masana'antun yau sun kauce wa wannan: su haƙa wawakeken rami, su niƙa dutsen ya zama gari, su tace shi da maganaɗisu ko ruwa, su dunƙula shi ƙwallaye masu ƙarfe kashi 65 cikin 100 zuwa sama, sannan farar ƙasa ta kama yashin a tanda. Mu da hannu muka yi tamu tacewar. Na koma na zaɓo masu nauyi, waɗanda in an goga a bayan fasasshen tangaran suke barin jan zane, alamar hematait. Muka gasa su a wutar itace, muka farfasa kamar ƙwayar gyaɗa, Inna ta sheƙe mana yashin da faifai tana mitar mun ɓata mata shi.

Muka sake dafawa. Bayan sallar la'asar Baffa ya zura awartaki ya jawo curi ja zur, bai wuce dunƙulen hannu ba. Ya ɗora a uwar maƙera ya buga a hankali. Bai tarwatse ba, ya lotsa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce in kira ƙannena su zo su gani. Aska ɗaya ya fitar a ciki, da ita aka yi wa ɗana askin suna.