Na koma aji bayan ritaya, ban nemi takarda ba

A 2019 na ajiye alli, bayan shekara 35 ina koyar da lissafi a sakandaren gwamnati. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 65 a duniya ko 40 a bakin aiki, ta zo ta tarar na riga na tafi. Ba rabo.

Zaman gida bai dame ni ba sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Fanshon da yake kai mu ƙarshen wata ya koma ko tsakiya ba ya kaiwa. Ana haka wani tsohon ɗalibina da ya buɗe makarantar kuɗi ya zo har zaure ya durƙusa: "Malam, ka taimaka ka riƙe mana 'yan aji shida, jarrabawar WAEC ta matso." Muka yi maganar albashi da baki, na sa masa albarka. Takarda? Kunya ta hana ni. Yaron da na koya wa biyu sau uku ne zan ce ya rubuta min?

Sa hannu a rajista ƙarfe bakwai da rabi, da yankan albashi in ka makara, da shigar da maki a kwamfuta (wata malama sa'ar 'yata ce ta koya min, Allah ya saka mata), duk na shanye su. Yaran ma sun fi yadda ake faɗa.

Watan Agusta ne ya kwance min zani a kasuwa. Na shiga adashi, na ci bashin taki buhu uku, duk da lissafin albashi. Wata ya ƙare, waya shiru. Da na tuntuɓi ɗalibin nawa sai ya sunkuyar da kai: "Malam, ai nan ba a biyan hutu, tunda iyaye ma ba sa biya." Shekara 35 gwamnati na biyana ina kwance a hutu, ban taɓa kawo wa raina akwai inda ba a yi ba. Tumaki biyu na sayar, ga mai adashi kullum a ƙofar gida.

Ban ce ya cuce ni ba. Ban tambaya ba ne, shi kuma bai faɗa ba, kuma wannan ne yake ci min rai har yau. Duk abokin da ya zo min da zancen komawa aiki, kafin ya gama zama nake tambayarsa wata nawa za a biya shi a shekara, kuma wa ya sa hannu.

Ina nan a makarantar. Da aka dawo hutu na sa ya rubuta, wata goma sha biyu cif, hannunsa na rawa, ni ma nawa haka.