Iyakarsu 1870

Wani abokin aikina, baƙar fata, ya gayyace ni taron zumuncin danginsu a wani ƙaramin gari na jihar Jojiya a Amurka. Kowa da riga iri ɗaya kamar anko, sunan dangin a ƙirji. Bayan an ci an sha, kakarsa ta fito da wani tsohon Baibul da bangonsa ya fara rabuwa. Shafukan farko cike da haihuwa, aure da rasuwa, tawada kala-kala, hannun mutane daban-daban.

Na tambaye shi ina salsalarsu ta tsaya. Ya ce 1870. Ƙidayar jama'a ta wannan shekarar ce ta fara rubuta mafi yawan 'yantattun bayi da sunayensu. A ta 1850 da 1860, bawa ba shi da suna a takarda, sai shekaru, jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Ta 1890 kuwa, gobarar 1921 a Washington ta lalata yawancinta. Mai son wuce 1870 ya koma baya sai ya bi takardun rabon gadon masu gonar da suka mallaki bayi, inda za ka ga an lissafa mutum da farashinsa tare da alfadarai da kujeru. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Gwamnati ba ta sakin sunayen ƙidaya sai bayan shekara 72. Da ta 1950 ta fito a 2022, jikoki suka nemo wa tsohuwar sunanta a intanet, tana ƙaramar yarinya a gidan mahaifinta. Har yanzu tana mitar wai mai ƙidayar ya ƙara mata shekara.