Yadda na yi da mai kwashe ladan aikinmu a ofis

Akwai wani a cikinmu, ba mugun mutum ba ne fa, amma akwai shi da neman suna. Tare za mu kwana kan rahoto, ranar mitin sai ka ji yana ce wa oga "na duba na gano na gyara", mu kuma muna zaune kamar 'yan rakiya. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan. Kuma ba a kanmu aka fara ba, hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken masaniyar kimiyya Rosalind Franklin a 1952 ya taimaka sosai wajen gano tsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, amma ta rasu a 1958, kyautar Nobel ta 1962 kan wannan aikin kuma wasu masana uku, Watson da Crick da Wilkins, suka karɓa, sai daga baya duniya ta san irin rawar da ta taka.

Ni dai ban yi masa magana ba, don irinsu in ka tanka sai a ce hassada kake. Aikin na mayar kan fayil ɗaya a Google Docs, inda duk wanda ya rubuta abu sunansa da lokacin suna nan a tarihin fayil ɗin, sannan ƙarshen mako in tura wa oga ɗan gajeren imel, wane ya yi kaza wance ta yi kaza, har da shi gogan, nasa ma ban rage masa ko ɗigo ba.

Amma inda abin ya sauya da gaske wajen gabatarwa ne. Na karanta cewa a 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya hana silaid ɗin PowerPoint a mitin ɗin manyan kamfanin, rubutu ake kawowa kowa ya zauna shiru ya karanta tukuna, nasu har shafi shida yake kaiwa. Mu shafi ɗaya muka yi, matsalar, abin da muka gano, abin da muke so a yanke yau, sunayenmu a ƙasa. Silaid kuma muka zaftare su, kowanne magana ɗaya tak a samansa, cikakkiyar jimla ba wai "Sakamako" kawai ba, kuma duk wanda ya yi sashe shi zai tashi ya kare abinsa.

Ana tsaka da bayani oga ta nuna wani adadi da biro ta ce daga ina wannan ya fito? Gogan ya riga kowa buɗe baki kamar yadda ya saba, ya juya ya ƙura wa allo ido, "eh to, wato..." sai wadda ta haɗa lissafin ta amsa daga kujerarta ko takarda ba ta duba ba. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Silaid ɗin ba wanda ya sake nema, shafin nan kuwa ya zaga har sassan da ba su zo mitin ɗin ba, ana ta turawa juna. Shi kuma yanzu kafin kowane mitin sai ya zo ya tambaya wane sashe ne nasa.