Baƙon injiniya a injin shinkafa: takardar da ba a sa ta a lissafi

Duk mai injin gyaran shinkafa daga Kura zuwa Auyo ya san inda ƙarfin makanikin gari yake tsayawa. Injin ɓarza da na goge ƙwaya yaranmu sun iya su ciki da waje. Amma na'urar tantance launi, wadda ke busa iska tana tsince baƙar ƙwaya da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ranar da ta rikice sai ka ga farar shinkafa tana zuba a buhun shara, allon kuma yana ta rubutu da harshen da ba mai karanta shi a garin. Yawancin waɗannan na'urori daga China ko Indiya suke zuwa, dillali kuma yakan ce zai haɗo ka da injiniya. A nan muke taka sawun ɓarawo. Kowa yana lissafin kuɗin jirgi da masauki da abinci, ba mai tambayar irin bizar da ke cikin fasfon baƙon.

Dokar shige da fice ta 2015 ta hana duk wanda ba ɗan Najeriya ba karɓar aiki sai da izini a rubuce daga Kwanturola Janar na Hukumar Shige da Fice. Bizar ziyara ko ta kasuwanci ta zama a yi ciniki ce, a duba kaya, a sa hannu a yarjejeniya. Da baƙon ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashin inji, ya zama ma'aikaci, ko kwana uku zai yi.

Hanya biyu ce. In aikin na ɗan lokaci ne, kamar kafa sabon inji, gyara, ko koya wa yara sarrafa shi, izinin aiki na wucin gadi ake nema. Kamfaninka ne zai nema tun baƙon yana ƙasarsu, ka faɗi sunansa, lambar fasfonsa, aikin da zai yi da tsawon zamansa. Ba a bari sai ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano sannan a fara neman wanda ya san wani.

In kuwa zama zai yi yana karɓar albashi, tafiyar ta fi tsawo. Da farko sai ka sami kota daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wato izinin ɗaukar baƙo a wani takamaiman muƙami. Za su nemi takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, shaidar mallakar wurin ko ta haya, takardun shigo da injinan, da tsarin horar da 'yan ƙasa biyu da za su riƙa bin baƙon har su gaje shi. Da kotar ce zai nemi bizar shigowa aiki, kuma cikin kwana 90 da isowarsa dole a kammala masa katin zama da ake kira CERPAC, wanda da dala ake ƙayyade kuɗinsa. Bayan haka kowane wata kamfani zai kai wa hukumar shige da fice rahoton baƙin da ke hannunsa. Wannan rahoton shi ne abin da ƙananan kamfanoni suka fi sakaci da shi, don ba mu da ofishin da ke kula da irin wannan; akawu ɗaya ne ke auna shanshera, shi ke biyan lebura, shi ke rigima da mai dizal.

Abin da ya fi cin mutane kuwa aron injiniya ne. Wani babban kamfani a Sharaɗa ko Bompai yana da ɗan Indiya mai cikakkun takardu, sai a kira shi ranar Lahadi ya zo ƙauye ya saita na'ura a ba shi na aljihu. Ana ganin ai yana da kati. Katin nasa a ɗaure yake da kamfanin da ya kawo shi da muƙamin da aka rubuta. A injinka daidai yake da wanda ba shi da komai. In kana son aikinsa, ka ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfaninsa, su turo shi da sunansu, ka biya su da rasit.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Baƙon da ya karɓi aiki ba izini yana fuskantar tarar naira miliyan 1 ko kora daga ƙasa, ko duka biyun. Kamfanin da kotu ta samu da laifi a ƙarƙashin dokar tararsa naira miliyan 5 ce, kuma kotu na iya ba da umarnin a rushe shi. Ƙa'idojin shige da fice na 2017 sun sa tarar miliyan 3 a kan ƙin sabunta kota ko ƙin kai rahoton wata. A 2025 kuma gwamnati ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare, tare da hana shi dawowa na shekaru in zaman ya yi tsawo. Wani zai ce miliyan 5 ai ba ta kai kuɗin tirelar shanshera ba. Haka ne, sai dai asarar ba a tarar take ba. Ana tafiya da injiniya, na'ura a kwance, shinkafar da aka turara tana jiran bushewa da casa, ga dillalan Dawanau sun ba da kuɗi suna kira. Kuma wasiƙar gayyatar da ka sa wa hannu ta ɗora maka nauyinsa gaba ɗaya, har kuɗin mayar da shi gida.

Kada a rikita wannan da harajin ɗaukar baƙi na dala 10,000 da 15,000 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024. An dakatar da shi a watan Maris na shekarar.

Sai batun maƙwabta, wanda ya fi shafar mu a Jigawa. Mai gadin da ya zo daga Damagaram, 'yan ci-rani masu dako da suka biyo ta Maigatari ko Baɓura, magina 'yan Togo da Benin masu shimfiɗa tayil. Yawancinsu ba ma jin su a matsayin baƙi; harshe ɗaya, sallah ɗaya, wasu ma surukai ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shigowa ba biza har kwana 90, kuma ba a nema masa kota. Amma wanda zai zauna yana aiki sai ya yi katin zama na ECOWAS a ofishin shige da fice na jiha, a Kano ko Dutse. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sanar da wani abu. Abin da aka bari da "har sai an sanar" ba a gina kasuwanci a kansa ido rufe, gara ka leƙa ofishin lokaci-lokaci. Chadi da Kamaru kuwa dama ba sa cikin ƙungiyar. Kuma kada wani ya ba ka shawarar a yi wa mai gadi takardar ɗan ƙaramar hukuma don a huta. Wannan ƙarya ce a takardar gwamnati, laifinta daban.

A ajiye fayil ɗaya a ofis: hoton shafin fasfo, shafin biza da hatimin ranar shigowa, kati, da wasiƙar kota. A rubuta ranar ƙarewar kowanne a bango kusa da jadawalin canjin mai, a fara sabuntawa da saura wata guda. Fasfon kansa a bar shi a hannun mai shi. Ranar da ya bar aiki kuma a rubuta wa hukumar a sanar da ita, domin muddin ba ka yi ba, a littafinsu yana nan a wuyanka ko da ya koma wani injin a Haɗejia.